Yatsan Matar Mai Aski

Shagon mai aski yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran takalma da kantin fenti. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta tsage har soso ya leƙo, sai bencin masu jiran layi da madubi mai tabo a kusurwa. A nan ya tsufa. Akwai waɗanda ya yi wa aski suna tsala kuka a cinyar iyayensu, yanzu su ke kawo nasu 'ya'yan. An san shi da gyaran fuska. In ya ja reza daga saje zuwa haɓa, sai ka rantse da rula ya auna.

Hannun dama ne ya fara ba shi kunya. In ya zauna ba ya komai, sai babban yatsa ya riƙa motsi shi kaɗai kamar mai murza ƙwayar wake. In ya ɗauki almakashi sai abin ya lafa. Shi ya ce gajiya ce, matarsa ta ce shayi ne ya yi masa yawa. Alƙaliya yake ce mata, don tun suna da ƙuruciya duk maganar da ta taso a gidan ita ke yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

'Yarsu ce ta ƙi yarda da zancen shayi. Ita ce autarsu, kuma Auta kowa ke ce mata har bayan ta yi aure. Tana aiki a wani kantin magani a wani gari mai nisa. Da ta zo ganin gida ta lura da yadda cokali ke ƙara a jikin kofin babanta, sai ta bari gari ya waye. Ta karɓi wayarsa ta sa masa wata manhaja, ta zaunar da shi a bakin gado ta koya masa. Zai miƙe hannu ya ɗora wayar a tafinsa ta auna rawar. Zai riƙa taɓa wasu da'irori biyu a fuskar wayar da sauri, wannan sai wancan. A ƙarshe zai rufe kyamara da kan yatsa, fitilar ta kama har yatsan ya yi ja kamar garwashi, ta ƙirga bugun zuciya. Duk abin da ta samu zai tafi wayar Auta. Kore lafiya, rawaya a sa ido, ja kuwa babu wasa.

"Ni da na aske rabin garin nan, yau waya ce za ta ba ni lasisi?" in ji shi.

"Baba, reza ce a hannunka, a wuyan mutane. Ranar da ta nuna ja, ka rufe shagon nan ku dawo wurina. Mun riga mun yi maganar da mijina."

Ya taɓa zuwa wurin nata sau ɗaya. Hawa na can sama, ɗaki da falo, taga tana kallon bangon wani gini. Ya wuni a zaune babu wanda ya ce masa sannu. Alƙaliya ma ta ce gidan da ba a jin tarin maƙwabci ba gida ba ne.

An yi watanni wayar tana nuna rawaya. Kullum da safe ya yi gwajinsa yana tsaki, Auta ta turo saƙon murya, "Na gani, Baba, a ci gaba da haƙuri." Amma rawayar ta riƙa duhu, kuma rawar ta daina jin tsoron almakashi. Ran nan yana gyara wa wani tsohon malamin makaranta saje, mutumin da ya daɗe ba ya zuwa wurin kowa sai wurinsa, reza ta kauce ta yanke shi a gefen kunne. Jini ya ɗigo a kan farin tawul. Malamin ya ce ba komai, har ya yi barkwanci cewa dama kunnen ya yi masa yawa. Bayan 'yan makonni mai aski ya hango shi yana shiga shagon samarin da ke tsallaken titi, inda kiɗa ke tashi, yana sunkuyar da kai kamar mai shiga gidan da bai dace ba.

Washegari ya zauna a bakin gado da wayar a cinya, ya kasa farawa. Hannun yana bugun gwiwarsa. Alƙaliya ta shigo da tsintsiya, ta tsaya tana kallonsa.

"Yau ja za ta nuna," ya ce.

"Kawo nan."

"Ke, yarinyar nan fa..."

"Na ce kawo. Ni na haife ta, ba waya ba."

Ta goge hannunta a zani, ta miƙe shi, ta ɗora wayar. Ta taɓa da'irorin kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta rufe kyamara da yatsa. Wayar ta yi ƙara ta nuna kore shar. Kafin ya gama sa takalmi saƙon Auta ya shigo, murya cike da murna, wai ashe ƙwayoyin ƙarin kuzarin da ta aiko suna aiki.

Daga ranar aikin ya koma hannun Alƙaliya. Har daɗinsa take ji. In ta gama sai ta miƙa masa wayar ta ce, "Malam, yau ma ka ci jarrabawa." Shi kuma a shago ya ajiye reza a aljihun tebur, ya ce wa masu zuwa ai yanzu an daina yayinta, inji ya fi tsafta. Ya koyi dafa gwiwar hannu a bayan kujera, ya koyi yawan hira don kada a lura. Masu zuwa sun ragu, amma ƙofa a buɗe take, kuma mai gyaran takalma yana nan suna musu a kan ƙwallo da siyasa har yamma.

Wata safiya wayar ta yi wata ƙara da ba su saba ji ba. Gwajin hannu kore, gwajin da'irori kore, amma a ƙarƙashin na yatsa rubutu ya fito da ja: bugun zuciyarka ba ya tafiya daidai, ka ga likita. Alƙaliya ta ce yatsanta ne da danshi. Ta goge ta sake. Rubutun ya dawo. Washegari babu, jibi ya sake dawowa.

"Kina jin wani abu ne?" ya tambaye ta.

"Me zan ji? Wani lokaci dai kamar tsuntsu na fiffike a ƙirjina, in na hau matakala ko na ɗauki bokiti. Ya daɗe. Tsufa ne."

Auta ta kira. A lokacin tana da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura, likitanta ya ce jininta na hawa, ta guji tashin hankali. "Baba, gobe ka je asibiti. In ba ka je ba ni zan taho." Ya ce zai je.

A motar haya shi da Alƙaliya suka yi maganar ƙasa ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, kwandon wata mata yana dukan gwiwarsa.

"In mun shiga, ke za a duba. Zan gaya musu gaskiya."

"Ka gaya musu, su rubuta, Auta ta tambaya, ka ce mata me? Ka ce watanni muna yi mata wasa da hankali? Da cikin nan?"

"Ai ba sai ta sani ba."

"Yarinyar da ke sayar da magani? Daga ganin sunan ƙwayar a kan tebur ta gane. Bari ta sauka lafiya. Da ƙafata zan zo, ba sai ka ja ni ba."

Ya san akwai abin da ba ta faɗa ba. Mahaifiyarta da ƙafarta ta shiga asibiti, a kwance aka fito da ita, tun daga nan Alƙaliya ko warin wurin ba ta so. Bai saba cin nasara a kanta ba, kuma can ƙasan ransa akwai wani abu da ya ji sauƙi.

Layin ya kai har bakin ƙofa. Da aka kira shi, ta zauna a benci da hularsa da takalmansa a cinya. Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji, inji ya fito da doguwar takarda. Likitar matashiya ce, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta duba takardar, ta duba wayarsa.

"Baba, zuciyarka lafiya lau, ta fi tawa ma. Amma tun yaushe hannun nan yake haka?"

Ya yi ƙoƙarin ɓoye shi a ƙarƙashin riga. Ta sa shi ya tashi ya taka zuwa bango ya dawo, ta lanƙwasa masa gwiwar hannu, ta sa ya buɗe yatsu ya rufe. Sannan ta gaya masa cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke tafiya a hankali, ba a warkewa, amma magani yana rage masa gudu. Ta ƙara da cewa, "Shi ya sa wayar ta ruɗe. In yatsa na rawa a kan kyamara, takan ɗauka zuciya ce ke tsalle. Kada ka damu da wannan saƙon."

Ta ɗago daga rubutun da take yi. "Akwai wani abu kuma, Baba?"

Ƙofar ba ta rufu duka ba. Ta tsagar yana hango Alƙaliya a benci, ta ƙura masa ido. Ta girgiza kai sau ɗaya, a hankali. A bayanta wani mutum yana riƙe da tsohuwa tana nishi, nas kuma ta riga ta ɗauko katin na gaba.

"Babu," ya ce.

Da yamma ya gaya wa Auta rabin labarin. Zuciya lafiya, likita ta ce waya takan yi kuskure. Ta sauke ajiyar zuciya har ana ji. Ta ce tunda haka ne a kashe gwajin yatsan, kada ya riƙa tsinka musu rai a banza. Ta yi musu kwatance, shiga nan, taɓa can, Alƙaliya na dannawa. Daga ranar wayar ba ta sake yin waccan ƙarar ba. Maganinsa ya ɓoye a shago, a bayan kwalbar man gashi.

Ranar da abin ya faru, ya tashi zai fita ita kuma hannunta duk kumfa, tana wankin tawul ɗin shago. Ta ce ya bar wayar, in ta gama za ta yi masa jarrabawarsa. Ya bar wayar a kan taga ya tafi. Rana ta take sosai sa'ad da mai kantin fenti ya leƙo da tasa wayar a kunne, ya ce masa maƙwabciyarsu ce, ya zo gida yanzu.

Maƙwabciyar ta dawo daga kasuwa ne ta same ta kwance a ƙarƙashin igiyar shanya, bokiti ya kife, rabin tawul ɗin a igiya sun bushe ƙarau, rabi a ƙasa cikin laka. Idonta biyu. Bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama kamar ba nata ba. Babu wanda ya san tun yaushe take wurin.

A asibiti wani likita ne daban, dattijo mai magana a hankali. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Zuciyarta ta daɗe tana bugu ba bisa tsari ba, jini ya taru ya yi guda, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa.

"Ba ta taɓa yin ƙorafi ba? Irin wannan in an gano da wuri, ƙwaya ɗaya ce a rana, galibi takan tsare."

Mai aski ya kalli takalman likitan. Likitan bai matsa ba.

Auta ta iso washegari, bayan doguwar tafiyar da aka hana ta yi, tana tafiya tana dafa ƙugu. Ta daɗe a kan uwarta tana shafa mata goshi. Alƙaliya ta buɗe baki, ta yi ta kokawa da harshe, abin da ya fito shi ne "To." Ta sake gwadawa. "To." Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace.

A baranda Auta ta sayo masa shayi a kofin roba. Tun jiya bai sha maganinsa ba, yana can shago. Ya karɓa, shayin ya yi ta fantsama a kan yatsunsa, a kan wandonsa, har ƙasa. Ya sa hannun hagu ya danne na dama, abin bai tsaya ba. Ta tsaya tana kallo. Ta ciro wayarta ta buɗe, ta riƙa jan yatsa a kan layuka kore, kore, kore, na watanni.

"Baba, miƙo hannunka."

Ya ajiye kofin. Ta buɗe gwajin ta ɗora masa wayar a tafi. Wayar ta yi ta karkarwa har ta kusa zamewa, ta tare ta. Ba ta ma duba launin ba.

"Hannun wa nake kallo duk wannan lokacin?"

Wata nas ta wuce tana tura keken marasa lafiya, tayarsa ɗaya tana ƙara.

"Har da yatsan?"

"Har da yatsan."

Ta nemi benci ta zauna a hankali, ta riƙe cikinta da hannu biyu.

"Ta gaya mini," ta ce. "Wayar ta gaya mini uwata ba ta da lafiya, ni kuma na ce ku kashe gwajin. Da bakina na yi muku kwatance."

"Ba laifinki ba ne, Auta."

"Na sani."

Yadda ta faɗa ya fi masa zagi ciwo. Yana iya cewa uwarki ce ta karɓi wayar, ita ta girgiza mini kai a ƙofar likita. Gaskiya ce. Amma matar tana kwance a bayan bangon nan da kalma ɗaya a bakinta, ba za ta iya cewa ƙarya ne ko gaskiya ne ba, kuma shi ya san bakin da ya ce "babu" nasa ne. Ya bar maganar a cikinsa.

Auta ba ta yi masa faɗa ba. Ta kwana biyu tana jinya, ta rubuta sunayen magunguna a jikin kwalabe da manyan baƙaƙe, ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙowa, mijinta ya zo ya tafi da ita. Ba a daɗe ba ta haihu, namiji, an sha wahala amma an tsira. Tana kira kullum. Takan ce, "Ina wuni, Baba. Sa mata wayar a kunne." Sai ya riƙe da hannun hagu, yana jin muryarta can ƙasa tana ba uwarta labarin jaririn, Alƙaliya tana cewa to, to. In sun gama sai ta tambaye shi ko an sha magani, ko an juya ta, ta yi sallama. Zancen su koma wurinta bai sake tasowa ba. Babu mai iya hawa da mace shanyayya har can sama, kuma ɗakin yanzu akwai gadon jariri.

Shagon ya rufe ba tare da wani ya ce ya rufe ba. Ba shi da wanda zai bar wa ita. Mai gidan benen ya ba wani mai sayar da tukwanen gas wurin. Mai gyaran takalma ya kawo masa kujerar da madubin a kan baro, ya zauna ya ɗan yi hira, ya ga babu amsa, ya tafi. Kujerar tana nan a tsakar gida, kaji na hawa.

Ya koyi abubuwan da bai taɓa yi ba. Ya koyi dafa shinkafa ta yi laushi sosai don kada ta shaƙe ta. Ya koyi canza zanin gado da mutum a kai. Ciyarwa ce ta fi wuya. In ya ɗebo da dama, kafin cokali ya kai bakinta rabi ya zube. In ya ɗebo da hagu, sai ya kai mata a kumatu. Wani lokaci takan kama wuyan hannunsa da hannunta mai lafiya ta jawo cokalin da kanta, tana harararsa. Wani lokaci takan kau da kai ta ƙi ci, ya zauna da kwano a cinya har abincin ya huce. Sau ɗaya ya ce mata, "Da na faɗa a ranar." Ta dube shi ta daɗe. Bai gane ko yafiya ce a idon ko tuhuma ba, ko kuma ba ta ma fahimci abin da ya ce ba.

Mai gashin ƙashi na asibiti ya ce lallai a riƙa tayar da ita tana takawa, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Don haka kowace hantsi yakan zaunar da ita a bakin gado, ya sa kafaɗarsa a hammatarta, ya riƙe ƙugunta, su miƙe. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki, daga ƙofa zuwa inuwar bango, ya zaunar da ita ta sha iska. Tana jan ƙafar dama, shi yana ƙirga mata kamar mai koya wa yaro tafiya.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne nasa ƙafafun ma sun fara. Takunsa ya gajarce. Wani lokaci in ya zo wurin da ya ƙuntata, sai tafin ƙafarsa ya manne da ƙasa kamar an zuba masa gam. Likitar ta riga ta gaya masa haka zai zo, ta kuma tambaye shi wa zai riƙa kula da shi in lokacin ya yi. A ranar ya ce mata matarsa.

Wata hantsi suka iso ƙofar ɗaki. Akwai ɗan tudun siminti a bakinta da aka yi don tare ruwan sama, bai kai tsayin tafin hannu ba. Alƙaliya ta ɗaga ƙafar hagu ta tsallaka, ta tsaya tana jiransa ya ja ta dama. Ya ce wa ƙafarsa ta ɗaga, ta ƙi. Ya sake. Gwiwoyinsa suka yi ta rawa a wuri ɗaya, ƙafar ba ta bar ƙasa ba. Ba zai iya komawa da ita baya ba, in kuwa ya sake ta za ta faɗi. Nauyinta duk yana kafaɗarsa, numfashinta yana dukan wuyansa.

"Ɗan tsaya," ya ce mata. "Yanzu abin zai sake ni."

Ya kira maƙwabciya, muryarsa ba ta wuce tsakar gida ba. Ya tuna ta fita kasuwa tun da safe, kuma in ta fita takan daɗe. Ya jingina bayansa da katakon ƙofar, ya ƙara matse ƙugun matarsa. Rana tana matsowa kan siminti wajen ƙafafunsu, suna tsaye, ita rabi a waje, shi a ciki.